Tabarmar Inna a Bayan Aji

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu. Inna ta riga mu da safiyar wata Alhamis, cikin zafin bazara, bayan kwana uku tana fama da zazzaɓi. Uwar mijina ce. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar gidanmu na Dogon Dutsi ya cika har zaure.

Tsofaffin Matankari, garin da aka haife ta, suka iso bibbiyu a bayan babur, suna sauka suna gyara zane. Ƙanwarta ce ta fara shigowa. Ta zauna a ƙofar ɗakin, ta daɗe tana kallon gadon, sannan ta ce, "Ta tahi da bakinta. Wa za shi zage mu yanzu?" Aka yi 'yar dariya, aka koma kuka. Maƙwabciyarmu ta ce shekara ashirin suna katanga ɗaya, kullum sai sun yi faɗa a kan kaji, amma ranar da ta haihu ba kowa a gida, Inna ce ta tsallako ta yanke cibiya. Abokan mijina 'yan kasuwa suka zauna a waje, suka yi addu'a gajeriya yadda suka saba, suka tashi.

Washegari da hantsi muka ji hayaniyar yara a ƙofar gida. Malamar ajin farko ce, wadda yara ke kira Madam, ta jero ajinta biyu-biyu tun daga lakwal, wato makarantar boko. Suka shigo suka durƙusa. Wata 'yar ƙarama mai giɓi ta ce, "Mun zo gaisuwar 'yar ajinmu." Matan da ke zaune suka fashe da dariya suna share ido. Wata ta ce ai gaskiya ne, tsohuwa da shekara saba'in da ɗoriya ta shiga ajin farko, kuma ta maimaita shi.

Ɗana yana bakin zaure a lokacin, yana jera takalman masu gaisuwa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Shekararsa bakwai. Bai ɗaga kai ya dubi 'yan ajinsu ba. Na ji wata baƙuwa tana cewa ya huta, bai san an yi mutuwa ba. Tun ranar Alhamis ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa.

Da za su tafi, Madam ta ja ni gefe wajen murhu. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Daraktan lakwal ya ce a gaya miki za a riƙe ma yaron wurinai har a yi sadakar bakwai. Litinin ta bayanta, in akwai mai zamnawa da shi, shi zo. In babu, ki yi haƙuri." Na ce na gode. Ta riƙe hannuna ta sake, ta bi yaranta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Mutane za su tuna Inna da kaifin baki da faɗan kaji, su manta da abin da ta yi wa yaron nan. Ina kuma rubutu don tsoro ya cika mini ciki, ban san inda zan ajiye shi ba.

Inna doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya. Ba ta cin goro, amma kullum akwai shi a ƙullin zanenta don ta ba wanda ta gama zagi. Shekara takwas ina gidanta, ba ta fasa ce mini Amarya ba. In na yi miya gishiri ya yi yawa, sai ta ce, "Amarya, yau kuma Bilma garin gishiri munka tahi?" Ta cinye tas, ta miƙo kwano a ƙara.

Yaron nan shi ne ɗana na fari. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Uwata haka ta yi wa yayana, har yau "wancan" take ce masa, ga shi da furfura. Ni da na yi lakwal har nake buga takardu a ofis, na watsar da al'adu da dama, amma wannan na riƙe ta da hannu biyu, don ana yabona da ita. A gidan biki sai a nuna ni a ce, ga 'yar boko mai kunya. Da na yaye shi aka kai shi ɗakin Inna, yadda ake yi. Daga ranar, can yake kwana, can yake ci. In zan yi maganarsa sai in ce "yaron Inna". Ƙanwarsa da ta zo daga baya kuwa, nakan kira sunanta sau ɗari a yini.

Inna ce ta fara gani. Ya shekara uku ba ya magana. Yana tafiya a kan 'yan yatsun ƙafa, yana kaɗa hannu a gaban idonsa, in ana daka sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Ni ina ganin wannan duka ta gefen ido, ina ce wa kaina nauyin baki ne, zai wuce.

Ƙanwar Inna ta zo daga Matankari da wasu mata biyu. Suka dubi yaron, suka dubi juna, suka ce iskar nan Doguwa ce ta shafe shi, a kai shi a yi masa abin da ake yi. Sun san wadda suke gaya wa. A gidan bori aka haifi Inna, uwarta tana cikin manyan masu hawa a zamaninta, ita ce dai ta bar abin da ta yi aure. Ta dama musu fura, ta bari suka sha, sannan ta ce, "Ni cikin goge anka haihe ni. Na san iska in ta hau mutum, na san in ta sauka. Iska tana zuwa, tana tahiya. Wanga yaro yadda shi ke da sahe haka shi ke da marece, yadda shi ke jiya haka shi ke yau. Ba kowa bisa kainai. Shi ɗai na." Ƙanwarta ta ce to in ba iska ba ce, mene ne. Inna ta ce ba ta sani ba tukuna, amma ba za ta ba shi abin da ta san ba nasa ba ne.

Mijina kuma ta ɗaya gefen ya ɓullo. Ya kawo wani malami abokinsa a yi wa yaron ruƙiyya. Mutum biyu suka riƙe shi, malamin ya sa baki a kunnensa yana karatu da ƙarfi. Yaron ya ciji hannunsa har jini ya fito. Ina ɗaki ina ji, ban fito ba, wai kada a ce na nuna son ɗan fari. Inna ce ta shiga tsakaninsu ta janye shi. Ta ce, "Malam, maganar Allah ta, ba mu ƙi ta ba. Amma kunnenai ba irin namu ba na. Koma bakin ƙohwa ka karanta sannu, Allah na ji." Malamin mutumin kirki ne, ya koma bakin ƙofa ya karanta a hankali, yaron kuma ya lafa a bayan Inna. Mijina ya ji kunya a gaban abokinsa, ya yi kwana uku yana cin abinci a kasuwa. Da na gaya wa Inna, ta ce, "Cikinai na, ba nawa ba."

Ita ce ta matsa sai da muka tafi asibiti a Yamai, babban birni, ni da ita da yaron. Likitar mace ce, ta daɗe tana kallonsa yana jera murafen kwalabe a ƙasa. Ta ce wace ce uwar, na ɗaga hannu. Ta fara tambayata da Faransanci, ina mayar wa Inna da Hausa. Me yake ci? Inna ta amsa. Me ke sa shi kuka? Inna ta amsa. Yana waiwayowa in an kira sunansa? Inna ta ce in ita ta kira yana waiwayowa, in ta ja ƙarshen sunan. Likitar ta ajiye biro ta ce mini, "Ke fa, in kin kira shi?" Na sunkuyar da kai ina gyara goyon da babu shi.

Ta ce sunan abin otisim. Ba ciwo ne da allura ke warkarwa ba, ba kuma laifin kowa ba ne, haka aka halicci kansa. Ta ce a Yamai akwai wuraren da ake koya wa irin waɗannan yara, akwai masu koyar da magana, amma sai muna zaune a garin muna kai shi kullum. Rumfar mijina tana Dogon Dutsi, aikina yana Dogon Dutsi, ba mu da kowa a Yamai. Na yi kuka a gabanta. Ta ce to a gida ma akwai abin yi, a tsara masa yininsa iri ɗaya kullum, a riƙa nuna masa da hotuna abin da zai biyo baya, kuma in da hali a sa shi cikin yara. Da na fassara wa Inna, ta ce, "Hoton buta? Ga butar da kanta?"

Da muka dawo ta fara. Kowace safiya sai ta jera abubuwa a gindin bangon ɗakinta, daga ƙofa zuwa ciki: buta, ƙwaryar koko, riga, takalmi. Yaron ya ɗauki buta a wanke masa fuska, ya mayar, ya ɗauki ƙwarya. Ba ta cika yi masa magana ba, kuma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. In za a yi baƙi, tun safe za ta ajiye tabarmar baƙi a cikin jerin. In wani ya daka masa tsawa, abin da take cewa ɗaya ne: "Ba ya ƙi ba na, bai gane ba na." Tana yi masa wasan jika, tana ce masa mijina. "Mijina, kai ɗai aka yi wa hidima garin ga, ko sisin cehwane ba ka ba ni."

Maganar karatu ce ta ba mu wuya. Aka fara kai shi makarantar allo ta unguwa. Yara arba'in suna karatu da ƙarfi lokaci ɗaya, kowa da nasa, bai yi rabin awa ba ya tsere. Aka kai shi jardan, ajin ƙananan yara, ya yi kwana uku aka aiko a zo a ɗauke shi, wai yana tsorata sauran. Wata makarantar kuɗi ko ƙofa ba mu wuce ba, mai ita ya dube shi ya ce iyayen yara ba za su yarda ba. Mijina ya ce a bar shi gida, ai ba kowa ne ke karatu ba. Ni ma a zuciyata na haƙura. Inna ta ce yaron da ya iya jera takalman unguwa guda ba tare da ya haɗa na wani da na wani ba, akwai abu a kansa.

Da ya shekara shida ta sa mijina a gaba suka tafi lakwal ɗin gwamnati da ke bayan unguwarmu. Daraktan ba mugu ba ne. Ya nuna musu ajin farko, rumfar zana ce, yara sun fi ƙarfin malama ɗaya, ga babban titi a bayan makarantar, manyan motoci na wucewa. Ya ce, "In ya hita titi, wa za a tambaya?"

Inna ta ce, "Ni."

Ya ce ai ita tana gida.

Ta ce, "Wa yac ce maka? Nan za ni zamna."

Ya yi dariya ya ce kullum? Ta ce shin tana da wani ofis ne da za ta makara. A kan haka aka shirya, yaron zai zauna muddin akwai babban da yake jin maganarsa a cikin ajin. Washegari allon lakwal ya shiga jerin gindin bango, bayan takalmi.

Shekara ɗaya da rabi Inna tana zuwa lakwal. Tabarma a hammata, carbi a hannu, gorar ruwa, yaron yana gaba tana baya. A bayan aji take shimfiɗa, dab da bencin ƙarshe inda yake zama. In ta dawo da rana sai ta cika gida da labari. Ta gaishe mu da Faransancinta mai karya harshe, ta ce Madam ta tsane ta, kullum ba ta tambayarta. Da aka ce yaron zai maimaita aji, ta ce, "To, mun hwaɗi mu biyu. Ni dai na san wanda yaj ja ni." Yaran da suka fara tsokanarsa ta zage su har kakanninsu, washegari ta zo musu da aya. Kafin hutu, in ya fara kaɗa hannu, su da kansu suke matsa masa wuri.

Abin ya yi amfani, kuma shi ya sa nake jin kamar zan haukace. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya koyi zama har a fita hutun hantsi. Rubutunsa ya fi na kowa kyau a ajin, Madam da kanta ta kawo mini allonsa na gani. Ya fara magana, kalma ɗaya-ɗaya: ruwa, tashi, a'a. Yana ce mata Inna. Ni bai taɓa ce mini komai ba.

Sau ɗaya muka yi faɗa da ita a shekara takwas, kuma a kan wannan ne. Bayan an gama girbin gero ne, wata ranar da yamma. Na lura ta fara haki in sun dawo, sai ta zauna a zaure kafin ta ƙaraso ciki. Ta kira ni, ta ce in zauna. Yaron yana tsakar gida yana jera duwatsu.

"Amarya, ki roƙi kwana biyu wurin aiki ki biyo mu lakwal. Akwai abubuwan da ba su hwaɗuwa, sai kin gani."

Na ce aiki ya yi yawa yanzu, sai an kwana biyu.

Ta ce, "To kira shi."

Na yi dariya na rufe fuska da mayafi. Na ce, "Haba Inna, ɗan fari ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kunyar ga ta masu ɗiyan da ka magana ta. In uwa ta ƙi kiran ɗa, ɗa shi kira ta, shi zo shi hwaɗa jikinta ko ba ta so. Wanga ba shi kiran ki. Ke ba ki kira shi ba, shi bai kira ki ba. Ran da na mutu, wa za shi hwara?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata ita ta ɗauke shi tun yana shekara biyu, ita ta saba masa da kanta, yanzu kuma ni ce mai laifi? Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar. Ta ce, "Na ɗauke shi, haka munka iske ana yi. Ni ma na yi kuskure. Ga shi na maido miki, amshi." Na tashi na shiga ɗaki, na ce bayan hutu.

Bayan hutu na ce bayan azumi. Gaskiyar da ban gaya mata ba ita ce ba kunya kaɗai ba ce. Tsoro nake ji in kira shi a gabanta ya ƙi waiwayowa, in tabbatar da abin da nake zargi, cewa a wurinsa ni wata mata ce mai dafa abinci a gidansu. Na gwammace a ci gaba da ce mini mai kunya. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai wani lokaci in ɗaga kai in ga tana kallona.

Ranar Litinin ta makon da ta rasu, ta dawo daga lakwal ta kwanta. Talata daga kan gado ta nuna mini yadda zan jera kayan, ta ce in cire allo don kada a yi masa ƙarya. Muka kai ta asibiti aka ba ta magani, muka dawo. Safiyar Alhamis ina ba ta ruwa ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Ba shi son a zo mai ta baya." Na ce to, Inna, sha ruwa. Na ɗauka za ta gaya mini sauran in ta ji sauƙi. Kafin hantsi ta cika.

Aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse. Mijina ya ce shi zai iya barin rumfa kwana ɗaya ko biyu, amma mu duka mun san yaron ba ya jin maganarsa. Ƙanwar Inna ta ce a ba ta shi ta tafi da shi Matankari, can ba mota, ya yi ta yawonsa a gona. Ta faɗa da zuciya ɗaya, amma na san in ya tafi, allo ya ƙare, 'yan kalmomin nan ma za su bi shi. Na je wurin aiki na roƙi mako guda, aka ba ni zuwa Juma'a. Na bar ƙanwarsa wurin maƙwabciya.

Litinin na jera buta, ƙwarya, riga, takalmi, allo. Ya tsaya ya daɗe yana kallon allon. Ya leƙa ɗakin Inna, ya fito, ya ɗauka. Na naɗe tabarmarta na bi shi. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya, shi ya nuna mini hanya, ta bayan injin niƙa, inda ashe take zagayawa da shi don kada ya ji ƙara. Na shimfiɗa a bayan aji. Yara suna ta juyowa suna kallona. Ya zauna a bencinsa, ya fitar da alli, ya fara kwafe abin da ke babban allo. Har na fara cewa a raina ashe abin ba wuya.

A jikin bishiyar dogon yaro da ke tsakiyar makarantar akwai ƙarfen ƙafar mota a rataye, shi ake bugawa in lokacin hutu, ko komawa aji, ko tashi ya yi. Na shekara shida ina jin irinsa a lakwal ɗinmu, ban taɓa ɗaukarsa ƙara ba. Aka buga. Yaron ya yi wani ihu da ban taɓa ji ba, ya hantsila bayan benci, ya keta ta ƙasan zana. Kafin in miƙe ya yi rabin fili, ya nufi titi.

Na bi shi da gudu, zane yana harɗe ni. Ina cewa, "Kai! Kai yaro! Tsaya!" Yara sun fito daga kowane aji, malamai suna tsaye, darakta yana bakin ofishinsa. Wata babbar mota tana gangarowa daga wajen dutse, ina jin ƙahonta. Tsakanina da shi akwai nisan da ba zan cim masa ba.

Na kira sunansa. Shekara bakwai yana bakina ban taɓa fitar da shi ba, ya fito a karye, na sake kira na ja ƙarshen yadda take yi.

Ya tsaya, ƙafarsa ɗaya a kan kwalta. Motar ta wuce, iskarta ta kaɗa masa riga. Ya juyo. Ya dubi bayana ta dama, ya dubi bayana ta hagu, ya leƙa wajen ajin. Ni da ke tsaye a gabansa ina haki bai dube ni ba, yana neman wadda ta kira shi.

Madam ta iso da gudu. Ta ce ta manta ban sani ba. Inna ba ta da agogo, amma idonta kullum yana kan bishiyar nan ta wata ɓula a jikin zana. Da ta ga an nufi ƙarfen, sai ta zagayo ta gabansa, ta nuna masa tafukanta biyu, ta rufe masa kunne har a gama. Sau huɗu a yini, shekara ɗaya da rabi, bai taɓa jin ƙarfen nan da kunne a buɗe ba.

Darakta ya kira ni ofis. Ya ce ya ga ya tsaya, ya kuma ga inda ya tsaya. Ya ce zai bar mu zuwa Juma'a saboda tsohuwa. In ya sake fita ko sau ɗaya, shi ke nan, shi ba zai iya ɗaukar ran ɗan mutane a wuyansa ba. Ban ga laifinsa ba. Ban kuma gaya masa cewa ni ma zuwa Juma'a aka ba ni ba, bayan nan ko aiki ko tabarma, kuma ban san ko yaron zai yarda da ni a kanta ba.

Inna, Allah ya yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ya sanyaya miki ƙasa, ya saka miki da kowace safiya da kika ɗauki tabarmar nan. Ki yafe mini maganar da na mayar miki. Kin ce in zo in gani, ban zo ba.

Na sami ɓular a jikin zana, dab da inda gwiwarki ke kaiwa. Jiya Talata na zagayo ta gabansa, na nuna masa tafukana. Ya ture su, ya shige ƙarƙashin benci yana ihu, na kwanta a bakin zanar na tare hanya da jikina har aka gama bugawa. Sau huɗu muka yi haka. Yau Laraba, da na nuna masa hannu, ya ture na hagu ya toshe wannan kunnen da nasa. Na dama ya bar shi a inda na sa. Saura Alhamis da Juma'a.